Jinin Gidanku Nake Gudu

"Jinin gidanku nake gudu, ba ke ba."

Haka Hajiya ta faɗa mini tana kallon tsakiyar idona, ko tausayin ɗanta da ke tsugune a bakin ƙofa ba ta ji ba. Ni kuwa da na ɓata safiya guda ina gugar mayafi don an ce uwar saurayina na son ganina, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

"Na bincika," in ji ta. "Mahaifiyarki wajen haihuwarki ta rasu, jijjiga ce ta kama ta. Yayarki ma da ƙyar ta sha, ɗan bai zo da rai ba. Ko ƙarya aka yi mini?"

"Gaskiya ne, Hajiya."

"To ni ɗana ɗaya ne namiji. Ba zan aura masa matar da zai kai asibiti da ƙafafunta, ya dawo da zaninta a leda ba."

"Hajiya, don girman Allah..." in ji shi.

"Kai, rufe mini baki!"

Ya rufe. Injiniya nake ce masa, don shi ke gyara mana babban firjin da muke ajiye jini a ɗakin gwaji na asibiti. Shi kuma Likita yake ce mini, ko da yake bakina ya gaji da gaya masa cewa ni mai gwajin jini ce kawai.

Abin haushin shi ne, ciwon da aka ƙi ni dominsa, a kansa nake aiki kullum. Hawan jinin masu ciki daga mabiyiya yake tasowa, wannan naman da ke ciyar da ɗa a ciki. Idan ba ta kafu da kyau ba, sai ta riƙa zuba wasu sinadarai da ake kira furotin cikin jinin uwa, jijiyoyi su takura, jini ya hau, in an yi sakaci a kai ga jijjiga. Mu aikinmu auna waɗannan furotin ne, mu ga ko za su tona asirin ciwon tun bai nuna kansa ba. Saboda uwata da ban taɓa gani ba na zaɓi aikin.

Ina shirin miƙewa sai ƙanwarsa ta shigo da ruwa a tire. Amarya suke ce mata har yanzu, alhali ga ciki nan ya tsufa. Mijinta ya yi tafiyar aiki, shi ya sa take zaune wurin uwarta.

Hannunta na fara gani. Zobenta ya nutse cikin yatsa, naman ya tasa ta kowane gefe. Na ɗaga kai na ga fuskar ta cika, idanun sun ƙanƙance.

"Amarya, zoben nan yana fita?"

Ta yi dariya. "Ina fa! Har sabulu na sa, ya ƙi."

"Kanki yana ciwo?"

"Kamar ana sara. Jiya ma har wasu 'yan taurari nake gani."

Da ina da wayo, da na ja bakina na yi shiru har mu fita waje. Amma ni dama bakina ya fi hankalina sauri.

"Hajiya, a kai ta asibiti yau."

Matar nan ta miƙe tsaye. "Au, bai ishe ki ba sai kin yi wa 'yata baki? Kumburin ciki ne, wace mace ce ba ta yi? Tashi ki fitar mini daga gida!"

A bakin get Injiniya ya cim mini. Ban tsaya ba sai da ya sha gabana.

"Likita, ki saurare ni."

"Me za ka ce? A ciki ai kurma ka zama."

"Uwata ce."

"Ni ma da tawa tana raye, da babu wanda ya isa ya kira sunanta da wannan bakin."

Kuka ya ƙwace mini a nan kan titi, masu wucewa suna waiwaye. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai ya riƙa murza makullin babur.

"Ta ce in na aure ki, ba da yawunta ba. Ta ma samo mini 'yar ƙawarta. Wallahi ko sunan yarinyar ban riƙe ba. Ni ke nake so, ke kaɗai, ki ba ni lokaci in shawo kanta."

"Ka ajiye maganata tukuna. Ƙanwarka ba ta da lokacin da kake roƙo. Gobe da safe ka kawo ta awo, ko da kuwa cewa za ka yi ɗinki za ka kai ta."

"Har abin ya kai haka?"

"Ban sani ba. Rashin sanin ne yake tayar mini da hankali."

Na isa gida na tarar da Gwaggo, ƙanwar babana da ta raine ni, tana ninke wanki. Kallo ɗaya ta yi wa idanuna ta gane komai.

"Sun kore ki ko? Madalla. Ga Dakta nan, shugabanku a wurin aiki, mutum mai natsuwa, ya zo ya gaishe da babanki har ƙasa. Ya san tarihinku sarai bai gudu ba. In ciki ya zo miki da matsala, likitan yana cikin ɗakinki. Amma ke kin nace sai mai gyaran firji."

"Gwaggo, ba na son Dakta."

"So! Uwarki ma so ta yi. Ni na wanke gawarta."

Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na zauna, na tashi, na buɗe taga, na rufe. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Zoben nan kawai nake gani.

Washegari Injiniya ya kawo Amarya asibiti. Nas ta ɗaura mata abin awon jini, ta ce ya ɗan hau amma bai kai na tashin hankali ba. Aka duba fitsari, alama ce 'yar kaɗan. Layi ya kai har waje, nas ta ce ta je ta huta, ta dawo mako mai zuwa. Ban ga laifinta ba, abin da awon ya nuna mata ta faɗa. Wannan ciwon munafuki ne, yakan kwanta da safe ya tashi da rana.

Na ja Amarya gefe.

"Muna wani bincike a kan jinin masu ciki. Kin yarda in ɗibi naki?"

"In dai ba za ki ƙarar mini da shi ba, Anti."

Anti ta ce. Na kusa sake fashewa da kuka a gaban mutane.

Ga yadda muke aiki. Duk jinin da aka ɗiba, sai mu tace shi, mu manna masa lamba, mu jefa shi firji ya daskare. Ba a taɓa shi sai an tara da yawa, sannan a buɗe kwalin sinadari guda a auna su a tashi ɗaya. Kafin lokacin matan sun daɗe da haihuwa, wasu ma sun yaye. Bincike ne don matan gobe, ba a yi wa kowa magani da shi. Kwalin kuwa in aka buɗe shi, ba ya jira.

Na tsaya gaban firjin da jinin Amarya a hannuna. Na buɗe, sanyi ya bugi fuskata, na rufe. Na zagaya teburi na dawo. Na sake buɗewa. In na sa shi ciki, na bi doka, kuma wata rana za mu rubuta cewa mai wannan lambar furotin ɗinta ya yi sama ƙwarai. Za mu rubuta ne kawai.

Na yage kwalin.

Ban iya zama ba duk tsawon lokacin da injin yake aiki. Na wanke kwalaben da ke wanke, na goge teburin da babu ƙura. Injiniya ya leƙo ya ce ya ajiye ta a benci tana shan ruwa, na daka masa tsawa ya koma ya zauna kusa da ita, kada ya kuskura ya mai da ita gida.

Da sakamakon ya fito, na zuba masa ido. Furotin ɗin da ke takura jijiya ya yi sama fiye da duk wanda na taɓa gani, wanda ke buɗe ta kuma ya kusa ɓacewa.

Ban ƙwanƙwasa ƙofar Dakta ba, faɗawa na yi. Ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa.

"Wa ya ba ki izinin buɗe kwalin?"

"Babu."

"Kin san rabon mata da yawa kika ƙone saboda mutum ɗaya? Kin san zan kai rahotonki, kuma kina iya rasa aikinki?"

"Na sani, Dakta."

"Wace ce?"

Na sunkuyar da kai. "Ƙanwar mai gyara mana firji."

Dakta ya ajiye takardar a kan tebur. Tun da na ce masa ya yi haƙuri ina da wanda nake so, bai sake yi mini maganar da ba ta aiki ba. Na zaci yau zai rama. Wallahi da ya rama ma da ya fi mini sauƙi, da na samu dalilin ƙinsa.

Sai ya miƙe ya ɗauki abin sauraron ƙirji.

"Da wannan takardar ba zan kwantar da kowa ba. Amma da ciwon kai da kumburi zan iya. Tana ina?"

Ya sake auna ta da kansa. Jinin da aka ce ya ɗan hau da safe, yanzu ya yi tashin da nas ta zaro ido. Nan da nan aka ba ta gado, aka ɗaura ruwa, aka yi mata allurar hana jijjiga. Zoben ya ƙi fita, sai da Injiniya ya ɗauko ƙaramin almakashin ƙarfe daga jakar aikinsa ya datse shi. Dakta ya ce ciki ya isa, ba za a jira ba, tiyata za a yi. Aka kira mijinta a waya ya ce a yi duk abin da ya dace, ga shi nan tafe.

Ana shirin tura ta Hajiya ta iso, takalminta ma ba iri ɗaya ba ne. Ni ta fara gani.

"Ke! Ke ce ko? Sai da kika ga bayan 'yata hankalinki ya kwanta?"

Nas ce ta shiga tsakaninmu da tambayar da ake yi wa kowa.

"Mama, a danginku akwai wadda ta taɓa yin hawan jini ko jijjiga da ciki?"

Hajiya ta kau da kai daga nas. Ta dubi 'yarta a kan gadon turawa, fuska a kumbure, tana kiran sunan Allah a hankali.

"Mama, muna sauri."

"Ni," in ji Hajiya.

Injiniya ya juyo. "Ke kuma, Hajiya?"

Ta zauna a benci. Aka wuce da Amarya, ƙofar tiyata ta rufe.

"Wajen haihuwarka ne," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Ban san an ciro ka ba. Na farka na tarar na tattaune harshena, mata sun zagaye ni suna kuka, sun ɗauka na tafi. Na sa babanku ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, don kada a ce gidanmu ba a haihuwa lafiya, a ƙi auren 'ya'yana."

"Amma kika ce da ita..."

"Na ce! Don na san abin da nake gudu. Kai ji kake yi, ni na shiga na fito. Jiya da yarinyar nan ta dubi yatsan ƙanwarka, na gane me ta gani. Nawa ma haka ya yi. Tsoro ne ya sa na kore ta, na ce ko in ban ji an faɗa ba, abin zai wuce."

Na so in ji daɗi. Na so in ce to ga shi nan, ashe jirgi ɗaya ya kwaso mu. Amma ban ga komai a bencin nan ba sai tsohuwa da takalma daban-daban, sai na zauna kusa da ita. Ba ta matsa ba.

Muka yi ta jira. Injiniya ya auna barandar nan da ƙafa har na ce ya zauna kafin ya huda simintin. Da ƙofar ta buɗe, Dakta ya fito yana cire abin rufe hanci.

"Mace ce, ƙarama amma tana da murya. Uwar ma lafiya, za mu sa mata ido. Da an kai mako mai zuwa, ban san me zan gaya muku ba."

Hajiya ta kife fuska a cinyata tana godiya ga Allah. Ni kuwa na ga Injiniya ya bi bayan Dakta, sai jikina ya ba ni.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Namijin da aka haifa cikin wannan ciwon, kamar ni, yana iya jawo wa matarsa?"

Dakta ya dube ni kafin ya amsa. Na roƙe shi da ido. Bai karɓi roƙon ba.

"Mabiyiya ta ɗa ce, rabinta daga uba take. Bincike ya nuna haɗarin yana ɗan ƙaruwa ta wajen namiji irinka. Macen da uwarta da yayarta suka yi kuwa, nata ya fi. Ba dole ba ne ya faru. Amma ka tambaya, na gaya maka."

Ya wuce abinsa. Ya faɗi abin da zai amfane shi, kuma ko kalma ɗaya babu ƙarya a ciki. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Injiniya ya matso, idanunsa jawur.

"Gaskiya ya faɗa?"

"Gaskiya ne."

"Kin sani tun da?"

"Nawa na sani. Naka yau na ji, tare da kai."

Ya girgiza kai. "Na ce zan yi faɗa da kowa a kanki, Likita. Ban san da ni za a haɗu a cuce ki ba. Ki auri Dakta. Gara in gan ki a gidan wani da in datse zobe a yatsanki."

"Ka tsaya ka ji..."

Bai tsaya ba. Ya ɗauki jakarsa ya sauka matakala da gudu.

Na tsaya a tsakiyar baranda kamar wadda aka dasa. Jiya uwa ta kore ni, yau ɗa ya sallame ni, kuma duk cikinsu babu wanda ya tambaye ni me nake so. Haushi ya kama ni. Kowa yana ta binne ni alhali ko ciwon kai ba na yi.

Sai na ji an riƙo gefen mayafina. Hajiya ce.

"Wannan awon naku. In ke ce da cikin, zai gani da wuri kamar yadda ya ga nata?"

"Yakan gani, Hajiya. Yakan kuma kuskure. Shi ya sa har yanzu bincike ne. Amma ni ba zan jira zobe ya matse ni ba, tun watan farko za a sa mini ido."

Ta jima tana juya gutsuren zoben da nas ta miƙa mata a tafin hannunta.

"Ni babu wanda ya duba ni. Uwarki ma na san babu." Ta share hanci da bakin mayafi. "Je ki nemo mini sakaran nan. Ki ce ni na aiko ki."

Na san inda zan same shi. Yana ɗakin gwaji, durƙushe a bayan firjin, ya kwance murfin baya yana ta taɓa wayoyi.

"Me ya samu firjin?" na tambaya.

"Ƙara yake yi."

"Tun da aka kawo shi yake ƙara. Fito."

Ya fito yana goge ido da bayan hannu, ya shafa wa fuskarsa baƙin mai.

"Ka dubi abin da ke ciki," na ce. "Kowace kwalba mace ce da ta miƙa hannu don kada wata ta mutu irin mutuwar uwata. Ni nake aunawa, kai kake hana su lalacewa. Yau ƙanwarka tana numfashi. Sai a kaina ne za ka ce ba ka yarda da aikinmu ba?"

"In ya kuskure fa?"

"Yana iya kuskurewa. Ina jin tsoro, ban ɓoye maka ba. Tun ina yarinya nake jin tsoron nan, kuma ko wa na aura da shi zan shiga gidansa. Raina ne, ni zan zaɓi wanda zai zauna a bencin can yana jirana. Kai na zaɓa."

Ya buɗe baki, na riga shi.

"Kuma Hajiya ta ce in nemo mata sakaran nan."

Ya zuba mini ido. "Hajiya? Da bakinta?"

"Da bakinta. Har da sakaran."

Dariya da kuka suka haɗe masa, ya zauna daɓas a ƙasa. Ta gilashin ƙofa na hango Dakta tsaye da kwalin da na yage a hannunsa. Ya dube mu, ya dubi kwalin, ya juya ya nufi ofis. Na san me zai je ya rubuta, kuma na san ba zai rage komai ba.

"Gobe ƙila ba ni da aiki," na ce.

Injiniya ya ɗauki sukudireba ya fara mai da murfin firjin, yana ɗaure kowace ƙusa a hankali.

"Ki gaya wa Baba muna zuwa," in ji shi. "Ni da Hajiya."